Kitso, kallabi da takardar yabon kai

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai dokar da aka yi musamman saboda gashi da kitso. A watan Yulin 2019 aka sa mata hannu, kuma abin da ta ƙunsa shi ne ba a yarda a hana mutum aiki ko a takura masa a makaranta saboda irin gashin da Allah ya ba shi, ko irin kitson da ya yi ba. Jihar New York ta bi sahu a cikin watan, daga baya jihohi fiye da 20 suka yi irin ta. Majalisar wakilan ƙasar ta amince da ita a 2022, amma ba ta tsallake majalisar dattawa ba. Duk wanda na ba labarin nan a Katsina sai ya yi dariya, ya ce lallai mutanen nan sun ƙoshi.

Ba ƙoshi ba ne. A 2010 wata baƙar fata mai suna Chastity Jones ta sami aiki a wani kamfani a jihar Alabama, aikin amsa wayar kwastomomi, sai aka ce mata sai ta yanke gashinta na dada kafin ta fara. Ta ce ba za ta yanke ba, aka janye aikin. Magana ta kai kotun ɗaukaka ƙara, a 2016 kotu ta ba kamfanin gaskiya, a kan cewa launin fata ba ya canzuwa amma gyaran gashi yana canzuwa. 'Yar gwaggona da ke aikin akanta a Houston ta ce har gobe akwai abokan aikinta baƙaƙe da ba sa zuwa intabiyu sai sun shafa man miƙar da gashi ko sun ɗora na kanti, sai aiki ya zauna sannan a hankali a fara fito da na Allah. Ita kuwa ta haɗa biyu, ga baƙar fata ga hijabi. Su ana bin su a kan gashin da suka bari a buɗe, mu ana bin mu a kan wanda muka rufe.

Na shiga aikin banki ne jim kaɗan bayan garambawul ɗin 2005, lokacin da Babban Banki ƙarƙashin Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Lokacin ne neman ajiya ya zama yaƙi, aka riƙa ɗibar matasa ana ɗora musu taget. A Legas aka horar da mu, can kuma na fara aiki. Kwat da siket Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a a bar mu mu sa kayan gida. Ba wanda ya taɓa rubuta mini cewa in cire kallabi. Cewa ake yi, "Ki yi shigar da ta dace da martabar kamfani." Sai kallabin ya yi ta ƙanƙancewa da kansa, har ya koma ɗan ƙyalle baƙi da ake ɗaurewa ta ƙeya. Idan na sauka a gida hutu kuwa, tun daga tasha nake zumbula hijabi har ƙasa, don kar a ce Legas ta cinye 'yar mutane.

Amma maganar tufafi, duk da ita ce ta fi yin ƙara, ita ce mai sauƙi, domin ana ganin ta da ido kuma ana iya kai ta gaban alƙali. A watan Disambar 2017 an hana Firdausi Amasa shiga bikin rantsar da sabbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi. Ƙasa ta ɗauki zafi, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. A 2022 Kotun Ƙoli ta ba ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas damar sa hijabi, a shekarar ce kuma rundunar 'yan sanda ta yarda mata su ɗaura kallabi a ƙarƙashin hula. Waɗannan duk an yi su an gama, akwai takarda.

Abin da ba shi da takarda shi ne ya fi cin mutum.

Duk ƙarshen shekara akwai takardar auna ƙwazo da kowane ma'aikaci zai cike da hannunsa, ya faɗi abin da ya yi, ya ba kansa maki, sannan ya zauna gaban ogansa ya kare makin. Ku duba yarinyar da aka raina a Ƙofar Ƙaura, wadda tun tana ƙarama ake ce mata yabon kai jahilci ne, wadda in an yaba girkinta sai ta sunkuyar da kai ta ce ai gishiri ma bai ji ba. Yau an ba ta biro an ce ta rubuta cewa ita ce ta fi kowa. Sai ta ba kanta uku cikin biyar, tana jiran oga ya ce a'a, kin fi haka. Oga ba zai ce ba. Zai sa hannu a kan ukun, ya ɗauki ta na kusa da ita wanda ya ba kansa biyar, a ɗan yi ja-in-ja su tsaya a huɗu. Ƙarin girma da garaɓasar ƙarshen shekara duk a kan wannan lambar ake lissafa su. Na ga 'yan Arewa da dama, maza da mata, masu aiki kamar ba gobe, sun daskare a mataki ɗaya saboda wannan kawai. Mutum ya zama kamar yarinyar da aka ɗora wa tallan fura, ta je Ƙofar Soro ta zauna ta yi shiru tana jiran a gane cewa tata ta fi daɗi.

Ga kuma kallon ido. A gidanmu, yaron da ya tsura wa babba ido yana magana fitsararre ne. A ofis, wanda ya kau da ido ko dai ba shi da gaskiya ko ba shi da ƙarfin zuciya. Ga kawaici: a yi maka ba daidai ba a mitin, ka haɗiye, ka bari sai an tashi ka sami mutum a keɓe. Su a wurinsu ba ka da ta cewa ne. An taɓa rubuta mini a takarda cewa ina da ƙwazo amma ba ni da alamar shugabanci, kuma da na bi diddigi, dalilin bai wuce cewa ba na katse manya in suna magana ba.

Abin da ya ba ni mamaki da muka zauna da 'yar gwaggon nan tawa shi ne, baƙaƙen Amurka da ma'auni ɗaya ake auna su, amma hukuncin ya sha bamban. Mu in mun yi shiru a ce ba mu da kuzari. Su in mace ta ɗaga murya kaɗan ta kare ra'ayinta, sai a ce ga masifaffiya nan, ta cika fushi. Ko Michelle Obama ba ta tsira ba, sai da ta fito a wata hira a 2012 ta yi ƙorafin cewa tun da mijinta ya fito takara ake ƙoƙarin liƙa mata wannan tambari. Saboda haka sai su koyi tausasa murya, su yi ta murmushin da bai kai ciki ba, su canza har lafazin Turancinsu da zarar sun shiga ƙofar ofis. Mu kuma muna koyon ɗaga murya. Kowa yana tafiya zuwa wani wuri a tsakiya da ba shi ya zaɓa ba, kuma ba sunan kowa a jiki, ana dai ce masa "ƙwarewa". To ai ɗabi'ar gidan wasu ce, waɗanda suka fara kafa kamfanonin. Wanda aka haifa a cikinta bai san ma akwai ta ba.

Kuma tun kafin a ga fuskarka ake fara awon. Wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, iri ɗaya, sunaye kawai suka bambanta. Sakamakon da suka fitar a 2004 ya nuna masu sunan Turawa sun fi masu sunan baƙaƙe samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Mu a Legas ba suna ne ya fi damun mu ba, harshe ne. Ka faɗi lamba a mitin, "p" da "f" su sarƙe maka, a kwashe da dariya, shi ke nan ba wanda ya ji lissafin da ka kwana kana yi.

Sai wurin da ake yanke ainihin hukunci, wanda ba ofis ba ne. Yammacin Juma'a ne, a wata mashaya a Victoria Island, inda oga zai saki jiki ya gane wane ne "nasa". Ni a lokacin ina neman inda zan yi Magariba. Ba wanda ya hana ni zuwa, har gayyata ta ake yi, kuma na san masu zuwa su sha lemo su tashi. Amma matar aure 'yar Katsina a mashaya da dare, ko ruwan Zamzam ta sha, labarin da zai iso gida daban ne. Musabaha ma haka. Na koyi dafe ƙirji da hannun dama tun daga nesa, da fara'a, kafin mutum ya miƙo nasa ya ji kunya. Yawanci yana wucewa lafiya. Wani lokaci kuma sai ki ga fuskar babban kwastoma ta canza, ki san ajiyar nan ta tafi.

Idan na yi wannan ƙorafi, sai a kawo mini manya. A ce ga Tafawa Ɓalewa, ɗalibin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ya je Amurka a 1961 da babbar riga, ya gana da Shugaba Kennedy, ya yi jawabi a majalisarsu, ba wanda ya raina shi. A ce ga Ngozi Okonjo-Iweala da atamfa da ɗaurinta tana shugabantar Hukumar Kasuwanci ta Duniya tun 2021. A ce ga Sanusi Lamido, gwamnan Babban Banki a lokacin, ya shiga ofis da rawani bayan an naɗa shi Ɗan Majen Kano a 2012. Duk gaskiya ne, ina kuma jin daɗin ganin su. Sai dai duk wanda ake kawowa hujja ya riga ya kai inda ba mai iya ce masa cire. Yarinyar da ke kan kantar banki tana ƙirga kuɗi, wadda ko tabbatar da ita a aiki ba a yi ba, ba ta da wannan gatan.

Da aka dawo da ni reshen Katsina, nan titin IBB, sai na ga abin ta ɗaya gefen. A nan ni ce 'yar gida. Ana fara mitin da Turanci, kafin minti goma ya zarce Hausa, a yi raha, a yanke shawara, sai a juya wurin yarinyar da aka turo mana daga Inugu a ba ta taƙaitawa a jimla biyu. Wani Alhaji zai shigo ya wuce teburinta ya tsaya jiran wani, saboda ta sa wando. Manaja kuma, da murmushi, "Ki ɗan riƙa yafa gyale mana, kin san garin." Kalma ɗaya ba ta bambanta da abin da aka faɗa mini a Legas ba, alkibla ce kawai ta juya. Ra'ayina a nan bai yi wa kowa daɗi ba. Idan za mu shiga Babbar Kasuwa neman ajiya, ni da kaina nake ba ta gyale, domin can gidan 'yan kasuwa ne, mu muka je nema. Amma cikin ofis, tsakanin abokan aiki, ba wanda ke bin ta bashin gyale, kuma mitin da aka fara da harshen da kowa ke ji a nan ya kamata ya ƙare. Wasu suka ce na zama Bayarabiya.

Mun daɗe muna musu da 'yar gwaggona kan abin da za a faɗa wa masu tasowa. Ita ta ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura: ka shiga tukuna, in ka yi ƙarfi ka kwance. Ni na ga waɗanda suka ɗaura, shekara ta bi shekara, har suka manta da kwancewa. Na fi son a raba abu biyu. Akwai abin da in ka bari ka bar kanka, irin su salla, sutura da iyakar da ke tsakaninka da namijin da ba naka ba. Akwai kuma abin da dabara ce kawai ta aiki, ana koyon ta kamar yadda ake koyon kwamfuta. Faɗin abin da ka yi yana cikin na biyu. "Na fi kowa" yabo ne. "Na buɗe asusu kaza, na dawo da bashin naira kaza, na rage layin kanta daga kaza zuwa kaza" bayani ne, ko a gaban Sarki za a iya faɗin sa.

Makon jiya 'yar yayata, wadda ta gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta kuma kammala bautar ƙasa, ta zo mini za ta intabiyu Abuja. Na zaunar da ita a tsakar gida, na ce ta kalli cikin idona ta faɗa mini abu uku da ta yi a inda ta yi hidima, da lambobinsu. Ta fara, ta fashe da dariya, ta rufe fuska da hijabi. "Wallahi Anti ba zan iya ba." Na ce sake. A karo na gaba ta kai na biyu kafin idon ya faɗi ƙasa. Inna tana daga ɗaki tana jin mu, ta ɗaga labule ta ce wace irin rashin kunya ce nake koya wa yarinya da rana tsaka. Na ce Inna aiki za ta nema. Ta ce to a nema da mutunci, ta saki labulenta. Muka koma zaure muka ci gaba, da yake motar Abuja da asuba take tashi.