Tausayi ne ya kawo ni, amma hujja ce ke riƙe da aikin

Na shiga aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke neman gyara a harkar shari'ar masu laifi ne saboda tausayin waɗanda ke tsare. Ban jima ba na gane cewa tausayi ba ya nuna maka abin da ke aiki.

Misalin da ake fara ba kowane sabon ma'aikaci shi ne shirin Scared Straight na Amurka, wanda ya samo asali a gidan yarin Rahway da ke jihar New Jersey. Ana kai yara masu ƙiriniya gidan yari, fursunoni su tsorata su ko za su shiryu. Iyaye sun yaba, hukumomi sun rungume shi. Da mai bincike Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 9 da aka raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka kai su gidan yari wasu ba a kai su ba, sai ga shi waɗanda aka kai sun fi aikata laifi daga baya. Wannan yana damuna har yau, domin duk mutanen kirki ne suka gudanar da shi.

Aikin kansa ba shi da armashi. Yawancin lokacina yana tafiya ne a kan rajistar kotu da ta gidan yari: suna ɗaya an rubuta shi iri uku, babu ranar da aka kawo mutum, fayil ya ɓata alhali mai shi yana zaune yana jiran shari'a. Sai ka daidaita waɗannan kafin ka iya cewa komai. Kuma rajistara ko gandiroba ba zai buɗe maka littafinsa ba sai ya tabbatar ba tona masa asiri ka zo yi ba. Haƙuri da girmama mutane sun fi takardar digiri amfani a nan.

Sau da yawa gyaran da ke tasiri ƙarami ne. A birnin New York an sauƙaƙa takardar sammaci, aka riƙa tura saƙon tunatarwa ta waya. Binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna saƙon ya rage rashin halartar kotu da kusan kashi 21 cikin 100. Mutane da dama mantuwa suka yi, ba gudu ba.

Inda ake shan wuya shi ne wajen masu ba da tallafi. Suna son sakamako kafin kuɗin ya ƙare, alhali sanin ko mutum zai koma aikata laifi yana ɗaukar shekaru. Wani lokaci dole ka rubuta musu cewa shirin bai yi tasiri ba, ko da hakan zai taɓa albashinka.

Mai son shiga wannan fanni ya koyi ƙididdiga, ya san dokar beli da tsarin gurfanarwa, ya iya taƙaita bincike a shafi ɗaya da alƙali zai karanta. Ya kuma nemi ƙungiyar da ke ɗaukar tsofaffin fursunoni aiki, domin su ne suka fi nuna mini tambayoyin da ya kamata in yi wa alƙaluman.