Milimita Shida da Harajin Katako a Kasuwar Duniya

Na daɗe ina ɗauka cewa cinikin katako tsakanin ƙasashe magana ce ta mai daji da wanda ba shi da shi, har sai da na zauna na duba yadda jadawalin harajin kwastam ya kasa itace kashi-kashi. A tsarin lambobin kaya na Hukumar Kwastam ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1988, itace yana babi na 44. Ɗanyen gungume yana lamba 4403, katakon da aka tsaga wanda kaurinsa ya wuce milimita 6 yana 4407, siraran ɓawon itace, wato shafin katako da ake ferewa daga jikin gungume, da bai wuce wannan kauri ba yana 4408, filawud kuma, wato katakon da ake yi ta hanyar manna waɗannan siraran shafuka, yana 4412. Mai karatu zai ce lissafin ma'aikatan ofis ne kawai, amma a kan waɗannan lambobi ake yanke ƙasar da za ta samu masana'anta da ayyukan yi.

Dalilin shi ne haraji yana hawa ne gwargwadon aikin da aka yi wa kaya. Gungume yakan shiga manyan kasuwanni ba tare da an biya komai ba, amma filawud, a Tarayyar Turai misali, yana ɗauke da harajin kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari. Kason ba shi da yawa a ido, sai dai ribar mai masana'anta tana cikin ɗan bambancin da ke tsakanin kuɗin gungume da kuɗin falanki, kuma daga wannan bambanci harajin yake ci. Ta haka ƙasar da ke saye take cewa a kawo mata itace, ita ta sarrafa da kanta.

Ƙasashe masu daji sun mayar da martani ta hanyar toshe ƙofar fita. Indunisiya ta hana fitar da gungume gaba ɗaya a 1985, ba da jimawa ba ta zama kan gaba a duniya wajen sayar da filawud. Gabon ta bi sahu a 2010, ta kafa yankin masana'antu na Nkok kusa da Libreville, inda ake fere itacen okume ana fitar da ɓawonsa. Rasha ta ɗaga harajin fitar da gungume zuwa kashi 25 cikin ɗari a 2008, sannan daga farkon 2022 ta hana fitar da manyan nau'o'insa ɗanye.

A nan ne nake da ja. Hani irin wannan yakan tura aiki taki ɗaya ne kawai, domin ɗan kasuwa yana neman mafi ƙarancin abin da zai yi wa itace har ya sauya lamba. Sai a ratsa gungume da zarto sau biyu ko uku, a rubuta shi a matsayin tsagaggen katako, busarwa da gogewa da haɗa kujeru, inda kuɗin yake, su ci gaba da gudana a ƙasar mai saye. Ga kuma asarar itace idan injinan tsofaffi ne, tunda gungumen da aka hana shi fita yakan yi arha a gida, mai injin kuma bai damu da abin da ya tafi a ɗiɗɗiga ba.

Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. Amurka da Kanada suna jayayya a kan tsagaggen katakon gini tun 1982, Amurka tana cewa lardunan Kanada suna sayar wa kamfanoni itacen dazukan gwamnati da rahusa, wanda a ganinta tallafi ne. Yarjejeniyar sulhu da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2006 ta ƙare a 2015, a 2017 kuma aka dawo da haraji na kusan kashi 20 cikin ɗari, wanda magina gidaje a Amurka suka yi ta kuka da shi.

Idan haraji ya yi tsauri kuma, kaya kan sauya hanya. Tarayyar Turai ta ɗora wa filawud na Rasha harajin hana karya farashi, wato na kayan da ake shigowa da su da arha fiye da kima, a 2021, amma a 2024 sai da ta faɗaɗa shi zuwa Kazakistan da Turkiyya, bayan bincikenta ya nuna cewa ta can kayan suke zagayowa da sababbin takardun asali.