Dukanci a Bakin Tekun Kololi

Ni baduku ne, ɗan badukai, kuma a Kano na koyi yankan fata da ɗinkinta a gaban mahaifina, kafin neman abinci ya kawo ni Gambiya a shekarar 2001. Yau ina da ɗan wurin aiki a Serekunda, inda mu shida muke ɗinka jakunkuna da takalma da alabe da tumtum, sannan ina da rumfa guda a kasuwar kayan hannu ta Senegambiya da ke Kololi, kusa da manyan otal-otal na bakin teku. Jar fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa daga gida ake aiko mini da ita, kirgin da muke yin tafin takalmi da shi kuwa a nan muke saye. Kusan duk abin da muka kai rumfar nan Bature ne ke sayensa, wanda mutanen nan suke kira tubab. Saboda haka abin da zan faɗa game da yawon buɗe ido magana ce ta mutumin da tukunyar gidansa da kuɗin baƙin take tafasa.

Shekararmu kashi biyu ce. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da sanyi ya matsa wa mutanen Ingila da Holan da Jamus da Suwidin, jirage suna sauke su a filin jirgin Yundum, mu kuma muna rumfa tun hantsi har bayan isha'i. Da damina ta kama sai baƙi su ɗauke ƙafa, wasu otal-otal su rufe, a sallami ma'aikata sai wata kakar. A wannan lokacin ne muke yanka da ɗinki da tara kaya, muna fama da laimar teku, wadda ke sa fata fumfuna cikin 'yan kwanaki idan ba a fito da ita an shanya ba. Iskar gishiri ma takan cinye ƙarfen maɗauri da tsatsa, shi ya sa tun tuni na koma amfani da tagulla ko da ta fi tsada.

Dattawan kasuwa suna cewa harkar ta fara ne a 1965, lokacin da aka kawo 'yan Suwidin wajen 300, daga baya gwamnati ta keɓe wani yanki na gaɓar teku domin gina otal-otal. Waɗanda suka ga farkon abin suna ba da labarin yadda baƙo kan fito da safe ya sha shayi a gari, ya hau tasi, ya ci abinci a wurin mai tuwo, ya yi ciniki a kasuwa. Abin da ya rage wannan shi ne tsarin da baƙo ke biyan kuɗin jirgi da ɗaki da ci da sha gaba ɗaya tun yana ƙasarsu. Idan ya iso sai a ɗaura masa wani awarwaron roba a tsintsiyar hannu, alamar cewa komai nasa an biya a cikin otal. Gwamnatin Gambiya ta hana wannan tsari a 1999, amma hanin bai daɗe ba aka janye shi, domin kamfanonin da ke kawo baƙi su ke riƙe da jirage. Ni kam da zarar mutum ya tsaya a gaban rumfata hannunsa nake fara duba. Mai awarwaro yakan zo ne a ranarsa ta ƙarshe da ragowar dalasi, wato kuɗin Gambiya, da bai kashe ba, ya ɗauki jakar da yaro ya yi kwana uku yana ɗinkawa da basilla, ya taya ta da kuɗin da ko fatar bai biya ba, saboda wani ya riga ya gaya masa cewa duk farashin da aka faɗa masa a kasuwa cuta ce. Kuɗinsa na gaske ya tsaya a Turai da kuma bayan katangar otal.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin tekun kansa, domin a kan idona ya lalace. Tsakanin 2003 da 2004 an zuƙo yashi daga cikin teku an zuba a Kololi, har faɗin gaɓar ya kai kimanin mita 100. Mun yi murna, masu sayar da 'ya'yan itatuwa da masu matse lemo suka baje rumfunansu a kan sabon yashin. Ba a yi shekaru da yawa ba teku ta kwashe mafi yawansa, aka koma jera buhunan yashi da duwatsu a gaban otal-otal, kuma na ga kututturen kwakwa kwance a ruwa a inda na taɓa zama a inuwarsa. Ba zan ɗora wa baƙi laifin duka ba, domin teku tana ƙaruwa kuma igiyar ruwa tana aikinta tun kafin a gina ɗaki ɗaya. Amma an yi gini a kan tudun yashin da ke tare ruwa, an sare itatuwan da ke riƙe shi, kuma an yi shekaru ana ɗibar yashin gaɓa da manyan motoci domin gine-gine, da farko a Bijilo, bayan an hana a can aka koma Kartong a kudu. Idan otal ya kare gabansa da duwatsu, ruwan sai ya karkata ya ci gaban maƙwabcinsa, kuma sau da yawa maƙwabcin nan mace ce mai tebur da ayaba da gwanda, wadda ba ta da halin sayen dutse ko ɗaya. A unguwarmu kuma, a tsakiyar rani, famfo kan yi kwanaki bai kawo ruwa ba, alhali kowace safiya ina wuce wani otal inda ake ban ruwan ciyawar ado.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani a kan yashi. Na taɓa riƙe wani yaro mai hannun kirki, wanda cikin shekara biyu ya iya zanen ado a fata fiye da waɗanda suka girme shi a aiki. Wata rana ya same ni bayan azahar ya ce, “Baba, ka yafe mini, zan huta da ɗinki.” Na ce, “Ɗana, me aka yi maka?” Ya sunkuyar da kai ya ce ba a yi masa komai ba, sai dai abokinsa da ke bin baƙi a bakin ruwa ya samu a mako ɗaya abin da shi ke samu a wata. Irin waɗannan samari ana kiransu bamsta. Wasu rakiya kawai suke yi, wasu kuwa suna ƙulla alaƙa da baƙin mata waɗanda suka isa su haife su, da fatan samun bizar Turai. Mafi muni shi ne baƙin da ke zuwa neman ƙananan yara, abin da ya sa aka yi dokar hukunta laifukan yawon buɗe ido a 2003. Yaron nan har yau nakan hango shi a kan titin Senegambiya, yana gaishe ni da ladabi, amma bai dawo ba.

Sau huɗu kasuwa ta mutu a hannunmu cikin 'yan shekaru. A 2014 tsoron cutar Ebola ya kori baƙi duk da cewa ba ta shigo Gambiya ba. A Janairun 2017 aka kwashe su da jirage saboda rikicin miƙa mulki, a Satumban 2019 kamfanin Thomas Cook, wanda ke kawo yawancin 'yan Ingila, ya durƙushe ana dab da buɗe kaka, sannan korona ta rufe komai a 2020. A wannan shekarar tumtum ɗin da muka tara suka yi fumfuna a ɗaki, na sayar da keken ɗinki guda domin in biya yarana. Tun daga lokacin na raba aikin gida biyu. Mutum uku suna ɗinka kayan rumfar Kololi, mu uku kuma muna yin takalman 'yan makaranta da na Babbar Sallah, wadda a nan ake kira Tobaski, muna kai su kasuwar Serekunda, inda ribar kowane takalmi ƙarama ce amma masu saye suna nan rani da damina.