Gyaran banɗakin Hajiya a Jos da lissafin Kano

Ni fa abin da ya cuce ni tsohuwar takardar lissafi ce. Farkon 2023 na gyara banɗakina a Kano, tayil da fayif da kan masai duk a Kofar Ruwa na saya, filamba ya yi kwana uku ya gama, to da gwiwar Hajiya ta matsa mata tsuguno ya gagara sai kawai na ɗauko wannan takardar na ɗan ƙara wani abu a kai na ce ai ko a Jos ma ba za ta wuce haka ba.

Na farko dai lokaci ya canza, an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa Fabrairun 2024 da muka fara aikin buhun siminti ya haura dubu 10 a wurare da yawa. Wannan kowa ya sha, ban yi mamaki ba.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ƙasar wurin. Tsohuwar shaddar gidan ba za ta ɗauki ruwan masai na zama ba, dole a haƙa sokawe sabo. A Kano masu haƙa biyu kwana biyu sun gama min nawa. Nan kuwa ramin bai kai ƙugu ba diga ta fara tartsatsi, babbansu ya fito yana share gumi ya ce Alhaji dutse ne fa, shimfiɗe, sai dai a sake ciniki. Haka suka riƙa tara itace da tsofaffin tayoyi a kai su cinna wuta ya kwana yana ci, da safe su kwara ruwa ya tsage sannan su bi da guduma da kurfi. Kwana 9 ana abu ɗaya, hayaƙi ya ishi maƙwabta har sai da na bi gida-gida ina ba da haƙuri. Kuɗin ramin nan kaɗai ya fi na tayil da kan masan a haɗe wallahi.

Sai wayon da na yi na sayo tayil daga Kano wai ya fi araha. Kuɗin mota, 'yan dako a ɗora, 'yan dako a sauke, kwali huɗu suka iso a farfashe kuma babu kalarsa a Jos, yanzu haka bayan ƙofa wani launi ne daban, Hajiya ta ce bar shi ɗan nan wa zai leƙa can.

Hitar ɗumama ruwa kuma ko a mafarki ba ta cikin lissafina, mu a Kano in ka cire 'yan makonnin hunturu wa yake nemanta. A Jos tsohuwa ba ta iya alwalar asuba da ruwan tanki, ga hita ga waya mai kauri ga kuɗin mai wayarin.

Ƙanina da ke Abuja ya kira wai in turo masa takardar zai gyara nasa, na ce ya fara shiga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya ji farashi, ya kuma tambayi maƙwabcinsa ƙafa nawa aka haƙa kafin a tarar da dutse ko ruwa.