Rigar ceto mai hura kanta: abin da muke dubawa a shago

Matuƙan da ke aiki a Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Norway, sun san ruwan can yakan sauka ƙasa da digiri 10 a lokacin hunturu. Wanda ya faɗa ciki, numfashi ne ke fara ƙwace masa: zai ja iska da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa na ƙarƙashin ruwa kuwa, ruwan zai shaƙa. Wajen minti ɗaya ake yi kafin numfashi ya daidaita. Bayan kamar minti goma yatsu sun sandare, ko igiya ba sa iya riƙewa. Shi ya sa a sana'armu ba ma yarda da rigar ceton da sai mai ita ya yi ta fama da ita a cikin ruwa kafin ta huru.

Silindar gas ɗin da ke hura rigar muke fara kwancewa. Riga mai ƙarfin 150N (N ma'aunin ƙarfin ɗaga mutum a ruwa ne) tana ɗaukar giram 33 na iskar CO2, mai 275N kuma giram 60. An buga cikakken nauyin a jikin silindar, sai mu ɗora ta a sikeli. In ta yi rashin nauyi, ko tsatsa ta kama ta, mun jefar. Tsatsar nan ita ke goge jakar iskar har ta huda ta. Matsalar da ta fi yawa kuwa abin haushi ce: girgizar jirgi ta sassauta silinda, allurar da ke huda ta don iska ta fita ta tashi ba ta huda komai ba. Da hannu ake ɗaure ta tamau, ba da filaya ba.

Sai ƙwayar da ke narkewa in ta jiƙe ta saki allurar. Tana da ranar ƙarewar aiki, kuma danshin akwatin ajiya kaɗai na iya tayar da ita. A cire ta kafin a ɗauraye gishirin teku, a shanya rigar a inuwa.

Jakar iskar kuma da famfon hannu muke hura ta, don tururin baki na barin danshi a ciki. Ta kwana awa 24. In ta yi laushi, akwai huji.

Maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi ne mutane suka raina, har wasu su yanke shi. In babu shi, rigar kan haura kunnuwa, baki ya nutse. Kuma a sa ta a kan rigar sanyi, kada a ƙarƙashi, don in ta kumbura a ciki ƙirji za ta matse.