Kayen da ya jawo mini jan kati a Tuluz

Shekara biyu da ƴan watanni ke nan da na baro Tawa na zo aikin gini a kewayen birnin Tuluz da ke kudancin Faransa, kuma a tsawon wannan zama babu abin da ya tsaya mini a rai kamar wata Lahadi ta tsakiyar hunturu, ranar da alƙalin wasa ya ɗaga mini jan kati a gaban mutanen ƙauyen da suka karɓe ni hannu bibbiyu. Sanyi na jure shi, rashin fura da rashin jin kiran salla ma na daure, amma wannan kunya har yau takan hana ni barci.

A wannan yanki ƙwallon zari-ruga tana da matsayin da kokowa take da shi a wurinmu, domin da wuya a sami ƙauyen da ba shi da filinsa da ƙungiyarsa. Wani abokin aikina ne ya ga yadda nake saɓa buhun siminti biyu a lokaci guda, ya yi ta mamaki, alhali buhunsu kilo 35 ne, ba 50 ba kamar na Malbaza da muka saba ɗauka. Shi ya kai ni ƙungiyar ƙauyensu. Na tashi ina kokowa a Adar duk bayan kaka, a hannun kawuna, saboda haka kama mutum da kayar da shi bai zame mini baƙon abu ba, kuma cikin wata uku aka fara saka ni a wasa. Na yi alfahari da hakan ƙwarai, domin a filin ne kaɗai ake kiran sunana daidai.

Mai horar da mu bai ɓoye mini komai ba. Ya ce a ƙananan rukunai irin namu, tun daga 2019, ana kama mutum ne daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma an kafa dokar ne bayan da matasa huɗu suka rasu a Faransa ta dalilin wasan tsakanin 2018 da farkon 2019, cikinsu har da Nicolas Chauvin, ɗan shekara 18 da wuyansa ya karye. Ya kuma nanata cewa duk wanda ya ɗaga mutum sama, sauke shi lafiya yana wuyansa. Kunnena ya ji, amma jikin da ya shekara goma sha biyar yana koyon wani abu daban bai ji ba.

Wasa bai fi minti ashirin da farawa ba, wani siririn yaro ya taho a guje, ya rungume ƙwallo a ƙirji da hannu biyu. Na sunkuya na cafke cinyoyinsa, na miƙe da shi kamar yadda aka koya mini tun ina yaro, ƙafafunsa suka haura kansa, na kife shi. Faransawa suna ce wa irin wannan kaye katedral. Da a gida ne, nan take ganguna za su ɓarke, mata su rangaɗa guɗa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na tashi da wannan daɗin a ƙirjina, har na fara ɗaga hannu. Sai na ji filin ya yi tsit. Yaron yana kwance a kan ƙasar da sanyi ya daskarar, ƙwallon tana gangarawa gefe, wata mata kuma ta kama ƙarfen da ya kewaye filin tana kiran sunansa. Allah ya taƙaita, kafaɗarsa ce ta goce, wuyansa ya tsira da kamar faɗin yatsu uku.

Alƙali ya kira ni tare da kyaftin ɗinmu, ya yi magana kaɗan, ya zaro katin. Daga baya kwamitin ladabtarwa ya dakatar da ni na mako huɗu, amma wannan bai yi mini zafi ba. Abin da ya yi mini zafi shi ne sa'a gudan da na yi a bakin fili ina kallon mutum goma sha huɗu suna ɗauke da aikin goma sha biyar. A turereniya, inda ƴan gaban ƙungiyoyin biyu suke sunkuyawa su haɗa kafaɗu suna tura juna, mutum bakwai ne suke tura takwas, duk lokacin da aka haɗu sai a ja su baya cikin taɓo. Akwai wani mai gyaran lantarki da ya kusa shekara arba'in, wanda yakan rage mini hanya zuwa gida bayan atisaye. Na ga ya durƙusa yana amai don gajiya, ya share baki da hannun riga, ya koma. An ci mu a ranar. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma a wurin cin abincin da ƙungiyoyin biyu suke haɗuwa bayan wasa, kyaftin ya miƙo mini lemo, domin ya san ba na shan giya, sannan ya kama hannuna ya kai ni teburin baƙi na ba su haƙuri.

A makonnin da na yi a zaune ne na fahimci cewa maganar tsohuwa ce a tsakaninsu. Sun ba ni labarin Sam Warburton, kyaftin ɗin Wales, wanda ya yi wa Vincent Clerc, ɗan wasan Tuluz, irin kayen da na yi a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2011, aka kore shi a minti na 18, Faransa ta ci 9 da 8. Haka Sam Cane na New Zealand, da aka kora a wasan ƙarshe na 2023 saboda ya daki kan abokin karawarsa, Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin da ci 12 da 11. Masu cewa bai dace a hukunta mutum goma sha huɗu kan laifin mutum ɗaya ba, su ne suka kawo jan katin minti ashirin a manyan wasanni: mai laifi ya fita ba dawowa, amma bayan minti ashirin a sako wani a madadinsa. Hukumar zari-ruga ta Faransa da ƙungiyar ƴan wasanta sun fito sun ƙi wannan tsari a 2024, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Na yarda cewa karon da ya zo bisa tsautsayi ba ɗaya yake da abin da na yi ba. Amma da an maye gurbina a ranar, da laifin ya zama nawa ni kaɗai, in biya in manta. Yanzu kuwa duk lokacin da na nufi mutum a atisaye, bakuna uku ko huɗu ne suke yi mini tsawa in yi ƙasa, domin sun san su ma za su biya.

Na daɗe kafin in gaya wa kawu a salula. Da farko dariya ya yi, ya ce, "To, ɗana, ka dai kai shi ƙasa ko?" Da na ce masa hannayen yaron biyu suna kan ƙwallo, sai ya yi shiru, sannan ya ce ɗan kokowa yana shiga fili ne da sanin zai iya faɗuwa, hannayensa a sake, rairayi mai taushi a ƙarƙashinsa, kuma shi bai taɓa koya mini in ɗaga wanda ba zai iya tare ƙasa ba. Mutumin da kullum yake tuna mana cewa a Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauka, a ranar bai ambaci kokowa da daɗi ba.

Shi ya kai wa Baba labarin. Baba bai yi faɗa ba, sai dai ya tambaye ni ko ina tune da shekarar da ƙanena ya yi barci a wurin kiwo, awakinmu suka faɗa gonar waken maƙwabcinmu. Ina tune sarai. A gaban mai gari Baba ya amsa laifin da bakinsa, aka buɗe rumbunmu aka fitar da dami shida, kuma a daminar nan duk gidan sau ɗaya muke cin tuwo, har Inna da take goyo. Ba a daki ƙanena ba, amma nakan gan shi yana tura rabonsa gaban ƙananan yara ya tashi.

Inna ba ta sani ba har yanzu. Ita dai ta ɗauka balo nake bugawa, kuma tambayarta ba ta wuce ko ina cin abinci mai zafi, ko rigar sanyin tana da kauri. A makon jiya na roƙe ta ta sa a sayo mini tabarma mai kyau irin ta Madawa, a ba wani ɗan garinmu da zai taso daga Yamai a wata mai zuwa, domin ina so in kai wa mahaifiyar yaron kafin ƙungiyoyinmu su sake haɗuwa. Ta tambaye ni ta wace ce, na ce ta wata dattijuwa ce da nake jin nauyinta. Ta ce to, za ta zaɓa da hannunta ranar Lahadi, idan kasuwa ta ci.