Na raka Yaya Alƙahira aikin rage tumbi

Kwana huɗu ke nan da dawowarmu, har yanzu hon ɗin motocin Alƙahira na amsa kuwwa a kunnena. Mu da muke kuka da cunkoson Kano, ashe ba mu ga komai ba.

Yayata na raka. Nauyinta kilo 128, ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwa ta gaza har sallah a zaune take yi. Shayin rage ƙiba na Instagram babu wanda ba ta sha ba. Ta yi allurar Ozempic ta mako-mako, ta ragu, da tsada ta sa ta daina sai jikin ya dawo.

A filin jirgi wani jami'i ya riƙe mana fasfo ya fi awa, ko sallamarmu bai amsa ba. Wanda ya share mana hawaye wani ɗalibin Azhar ne, ɗan Katsina. Shi ya zama tafintanmu, ya samo mana gida a unguwar Madinat Nasr, ya ja ciniki da mai gidan har aka zaftare kashi ɗaya cikin uku. Sisi ya ƙi karɓa, wai mu sa shi a addu'a. Da dillalin gida ne, ai da sai mun biya la'ada har da kuɗin ganin ɗaki.

Likitan ya auna tsayi da nauyi, ya ce BMI ɗinta, wato ma'aunin ƙiba, ya haura 40. Ya zana tumbi a takarda ya ja layi: kusan kashi 80 cikin 100 za a cire, har da ɓangaren da ke fitar da sinadarin jin yunwa, a bar ɗan siriri kamar ayaba. Yaya ta ce, "Likita, shi ke nan na huta?" Ya girgiza kai. Sai ta yi mako biyu a kan abinci ruwa-ruwa hanta ta ragu tukuna, bayan aiki kuma shan bitamin har iya rayuwa.

Makonnin nan biyu su ne azabar. Ina laɓewa a kicin ina cin koshari, shinkafa da taliya da adas, wani irin ƙananan wake, a kwano ɗaya (wa zai yi wannan haɗi a gidanmu?), ita tana kurɓar romo tana hararata.

Aikin kansa 'yan ƙananan huji ne a ciki, ranar da yamma nas ta tashe ta tattaki. Kasuwar Khan el-Khalili sau ɗaya muka leƙa, dalar Giza kuwa daga nesa.

A gida Hajiya ta tarbe mu da tuwon shinkafa miyar taushe. Yaya ta kurɓi romo cokali uku ta ce ta ƙoshi. Hajiya ta juyo kaina: "Ke, me suka yi wa 'yata?"